Likita ya ce idona ya bushe, alhali hawaye nake sharewa

Assalamu alaikum Anti Likita. Ni mace ce 'yar shekara 47, a Zariya nake da aure. Sana'ata ɗinkin hannu, aikin manyan riguna da huluna, kuma yawancin cinikina ta WhatsApp nake yi. Kusan shekara biyu ke nan idanuna sun hana ni sakat. Ji nake kamar an watsa min yashi, ga raɗaɗi, ga ja. Da yamma sai in ga zare ya koma dishi-dishi, in na ƙifta ya washe, can kuma ya dawo. In na hau babur ko iska ta buso, hawaye sai ka ce wadda aka yi wa rasuwa.

Na je kemis, yaron ya ba ni wani maganin ɗigawa, kwana biyu idon ya yi fari tas. Wata takwas ke nan ina saye, in na bari kwana uku ciwon ya dawo. Da maigida ya matsa na je asibiti. Likita ya ɗiga min wani abu ruwan ɗorawa, ya haska fitila, ko minti goma ba a yi ba ya ce wai bushewar ido ce. Ya rubuta min wani ruwa da ya ce madadin hawaye ne, ya ce in riƙa gasa idon, in koma bayan sati shida. Ban gaya masa ina ɗiga na kemis ba, kada ya yi min faɗa. Na yi sati biyu ban ga canji ba, na koma wa na kemis ɗina.

Yayata ta ce kwalli ne na daina sawa, ta aiko min da wani. Uwar mijina ta ce a ɗiga nonon mai jego. Wata maƙwabciya ta ce kambun baka ne don cinikina ya buɗe. Anti, ta yaya idon da ke zubar da hawaye zai zama busasshe? Anya likitan nan ya duba ni da kyau? Kuma makancewa zan yi? Mahaifiyata ta rasa ganinta kafin ta rasu, abin yana raina.

Baiwar Allah, daga Zariya.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta. Ke kuma sannu da fama.

Zan amsa tambayoyinki, amma ki yi haƙuri in fara da wadda ba ki yi ba, don ita ta sa ban bar wasiƙarki ta kwana ba. Ɗauko kwalbar nan ta kemis yanzu, ki juya ta, ki karanta ƙananan rubutun da ke jiki, ko ki ba ɗaya daga cikin yara ya karanta miki. In kin ga dexamethasone, ko betamethasone, ko prednisolone, to sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi, kike ɗigawa wata takwas. Sau da yawa akan haɗa shi a kwalba ɗaya da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su neomycin, sai mutum ya ɗauka maganin ciwon ido ne kawai. Yadda kika kwatanta aikinsa, kwana biyu ido ya yi fari, a bari ciwo ya dawo, shi na fi zargi.

Ba maganin banza ba ne. A asibiti ma ana rubuta shi, har ga masu bushewar ido, amma na ɗan lokaci ƙayyadadde, kuma ana yi ana auna idon. Illarsa in an daɗe a kai ita ce yana ɗaga matsin ruwan da ke cikin ƙwayar ido. Kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa kan hau in ya yi makonni yana ɗigawa. Wannan matsin shi ke cin jijiyar gani a hankali, daga gefe-gefe yana matsowa tsakiya, ba zafi ba ja, mutum yana ta harkarsa bai sani ba. Shi ne gilakoma, abin da muke ce wa hawan jinin ido, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Bayan haka yana gaggauto da yanar ido, in kuma akwai ɗan rauni a kan baƙin idon, yana iya ba ƙwayar cuta damar yaɗuwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ke kuma ga tarihin mahaifiya.

In ba shi ba ne, wataƙila ki ga naphazoline ko tetrahydrozoline. Waɗannan matse 'yan jijiyoyin jinin da ke kan farin ido suke yi, ja ya ɓuya na 'yan sa'o'i, in ƙarfinsu ya sake jan ya dawo fiye da da, sai a ƙara ɗigawa. In kuwa chloramphenicol ne ko gentamicin, an aiki mafarauci dajin da ba nama, don bushewar ido ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba.

Kada ki jefar da kwalbar yau da dare. Wanda ya yi watanni a kan sitiroyid, a hankali ake janye masa, kuma likita ne zai tsara yadda za a yi. Ki saka ta a jaka, ki koma asibiti cikin makon nan, kada ki jira sati shidan ya cika. Ki ajiye ta a kan teburinsa ki ce wata takwas ina ɗiga wannan, a auna min matsin ido a duba jijiyar. Faɗansa, in ma ya yi, bai wuce na minti biyu ba. Awon lafiyayyen ido yawanci tsakanin 10 ne zuwa 21, ki tambaya a gaya miki naki.

To, yanzu maganar hawaye. Kin yi tambayar da kusan kowa ke yi, kuma laifin sunan ciwon ne. Da an ce lalacewar hawaye da an fi fahimta.

Hawaye iri biyu ne. Akwai na kuka da na yankan albasa, mai zuwa da yawa lokaci guda. Akwai kuma wani siririn lulluɓi da ke kan ido dare da rana, wanda ba ki ganinsa, ba ki ma san da shi ba sai ya samu matsala. Shi wannan ba ruwa ne zalla ba. Akwai wani abu mai yauƙi da ke manna shi a jikin ido, akwai ruwan kansa, sannan a sama akwai mai. Ki tsaya gaban madubi inda haske yake, ki ɗan ja fatar idonki ta ƙasa, ki dubi bakinta, bayan layin gashin ido. Za ki ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo a jere kamar sawun allura a kan yadi. Ƙofofin man ne. Ashirin zuwa talatin ne a fatar ƙasa, na sama sun ɗan fi haka. Wani likita Bajamushe mai suna Heinrich Meibom ne ya yi bayaninsu a 1666, har yau da sunansa ake kiransu. Duk ƙiftawar da kika yi, kina matso ɗan mai ne kina shafe idon da shi.

Kin san miyar da manja ya rufe samanta. Ki duba ba tururi, ki ɗauka ta huce, ki kai baki ta ƙona ki. Man ne ya hana ruwan tashi. Aikinsa ke nan a ido. In ƙofofin nan suka toshe, man ya daskare kamar man shanu da hunturu, sai ruwan da ke kan ido ya riƙa ƙafewa cikin 'yan daƙiƙu. Saman idon ya bushe tsilli-tsilli. Baƙin ido kuwa yana daga cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan jijiyoyin ji a jikin mutum, shi ya sa ɗan busasshen wuri da bai kai kan allura ba kike jinsa kamar tsakuwa. Jijiyoyin su kai ƙara, sai jiki ya buɗe hawayen gaggawa, irin na albasa. Su kuma ruwa ne tsararo, ba su zama, kamar ruwan sama a kan daɓe. Su gangaro kumatu, ki share da gefen mayafi, idon ya koma yadda yake. Hawayen da kike gani a kan babur shaidar likita ce, ba taki ba. Kuma mafi yawan masu wannan ciwon matsalarsu ta man ce, waɗanda ruwan ne ya yi musu kaɗan su ne 'yan tsiraru.

Ganin nan da ke dushewa ya washe in kin ƙifta, shi ma daga nan yake. Lulluɓin hawaye shi ne farkon abin da haske ke ratsawa, in ya tsattsage gani ya yi hazo, ƙiftawa ta sake shimfiɗa shi. Amma tunda kin haura arba'in kuma aikin allura kike yi, ki ce a gwada ki ko kina bukatar tabaran karatu. Abu biyu ne daban, kuma suna iya haɗuwa a kan mutum ɗaya.

Kin ce minti goma bai cika ba. Ni ban ga abin zargi a nan ba. Abin nan ruwan ɗorawa rini ne. In an haska shi da shuɗiyar fitila sai hawayen ya yi kore shar. Likita ya ce kada ki ƙifta, yana ƙirga daƙiƙu a zuciyarsa, yana jiran inda baƙin tabo zai fara bayyana a cikin koren. In lulluɓin ya tsage kafin daƙiƙa 10, hawayen ba ya zama. Rinin kuma yana maƙalewa a duk inda saman idon ya ƙuje. Wani likitan zai ɗan danna fatar idon ya ga abin da ke fitowa, ko garai-garai kamar man gyada, ko fari mai kauri kamar man goge baki, ko ma ba komai. Akwai kuma tsohon gwajin da ake yi tun 1903, a maƙala 'yar siririyar takarda a fatar ido minti biyar a auna inda ta jiƙe. Mutane suna son wannan don yana ba da lamba, amma shi yawan ruwa kawai yake aunawa. Mai matsalar mai zai iya jiƙa takardar sharkaf a ce masa lafiya lau, alhali yana fama.

Wani abin da ke rikita marasa lafiya, har da wasu ma'aikata, shi ne abin da ake gani da abin da ake ji ba sa tafiya tare. Wata za ta zo tana kuka da idonta, a duba a ga abin bai taka kara ya karya ba, a gida a fara cewa raki ne. Ba raki ba ne. Wani kuma, musamman mai ciwon suga da ya daɗe, saman idonsa duk ya ƙuje amma bai ji komai, don jijiyoyin sun yi sanyi. Shi ya sa labarin da mara lafiya ya bayar yake rabin aikin. Ke kuwa kin ɓoye rabin naki. In likitanki yana da laifi, bai wuce na rashin zama ya yi miki wannan bayanin ba, kuma wanda ya ga layin da ke ƙofar ɗakin duba ido ranar Litinin zai yi masa uzuri.

Ba kowane jan ido ne bushewa ba, ba kuma kowanne ne Afolo ba. Afolo, wanda ya samo sunansa don ya ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, farat ɗaya yake zuwa, ya zagaye gida, ya wuce cikin sati ɗaya ko biyu. Ba ya shekara biyu. Wanda kuma ƙaiƙayi ne kan gaba, a yi ta murza, ya fi kama da borin jini. A wuraren da amosanin ido ya taɓa yawa, akan samu tsofaffin da gashin idonsu ya juya ciki yana gogar ƙwayar, su ma yashi suke ji, amma nasu ɗan ƙaramin aiki ake yi wa fatar.

Ina da tambayoyin da nake so ki amsa wa likita ko bai tambaya ba. Bakinki yana bushewa har sai kin kora da ruwa kafin ki haɗiye burodi? Gaɓoɓinki suna ƙagewa da safe? In haka ne, a yi gwajin jini, don akwai ciwon da garkuwar jiki ke afka wa wuraren da ke yin hawaye da miyau. Wani likitan ido na Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana shi a 1933, kuma tara cikin goma na masu shi mata ne. Kina da suga, ko matsalar maƙoƙo? Al'ada ta fara yi miki wasa? A shekarunki wannan kaɗai ya isa ya rage man ido, shi ya sa mata suka fi maza yawa a wannan layin. Sai magunguna. 'Yar ƙwayar nan Piriton da ake sha kamar gyada in mura ta kama, ko don a samu barci, yadda take busar da hanci haka take busar da ido. Haka amitriptyline, haka wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Ban ce ki daina na hawan jini ba, na ce ki faɗa.

Sannan ki dubi wuninki. Mutum yana ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti in yana hira. In ya ƙura wa abu ido, allura ce ko waya, ƙiftawar takan ragu da rabi ko fiye, wadda ake yi ɗin ma ba ta rufuwa duka. Ke kin tashi daga kan aska takwas kin koma kan WhatsApp, idon bai huta ba. Ƙara da hayaƙin murhu, da fanka a saitin fuska duk dare, da iskar hunturu da danshinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Wanki kan bushe kafin a gama shanya, ina ga lulluɓin da bai kai kaurin gashi ba.

Babban kuskuren da ya mayar da ke kemis shi ne zaton cewa wannan ciwo ne da ake sha wa magani ya tafi, kamar zazzaɓin cizon sauro. Ya fi kama da faso. Ba wadda ke shafa basilin a dunduniya sau ɗaya ta ce ta gama da hunturun bana, ba kuma wadda ke cewa basilin ƙarya ne don kaushi ya dawo da ta daina. Lallaɓa shi ake yi, kuma in an lallaɓa shi da kyau mutum yakan manta yana da shi. Sati biyu bai isa a yanke hukunci ba. A ba shi sati shida zuwa wata uku.

Hawayen kwalba da aka rubuta miki, ko hypromellose ne, ko carboxymethylcellulose, ko sodium hyaluronate, ki riƙa ɗigawa a kan lokaci, kamar sau huɗu a wuni. Kada ki jira sai idon ya fara ci da wuta. Ɗigo ɗaya ya isa, na biyun a kumatu zai ƙare. Ido ba ya sabawa da shi har ya daina yin nasa hawayen, wannan zance ne kawai. Abin lura shi ne sinadarin da ake zubawa don kada ruwan ya lalace, wanda aka fi sani da benzalkonium chloride, shi kansa yana cin saman ido in ya yi yawa. In kin ga sai kin ɗiga fiye da sau huɗu zuwa shida a rana, ki nemi wanda ba shi a ciki. Ya fi tsada, na sani. In wani iri bai karɓe ki ba a canza, ba duka suke ɗaya ba. Da dare akwai mai kauri kamar man shafawa, yana sa gani ya yi hazo, don haka sai za a kwanta. Bakin kwalbar kada ya taɓa ido ko yatsa, kada ki ara wa kowa, in ta yi sati huɗu a buɗe ki jefar ko da saura. Ki sayi mai lambar NAFDAC a kantin magani na ƙwarai. A 2023 a Amurka ma an janye wasu kwalaben hawaye daga kasuwa bayan ƙwayar cuta ta shiga cikinsu, wasu suka rasa ido, wasu suka rasa rai. Balle wanda ya wuni a kan faranti cikin rana a tasha.

Gasa idon nan da kika raina kuwa, a wurina shi ne uwar maganin, don shi ke zuwa inda matsalar take. Ga yadda ake yi. Ki wanke hannu. Ki samu ƙaramin tawul mai tsabta wanda ba a komai da shi sai wannan. Ruwan ya zama mai ɗumin da za ki iya wanka wa jariri da shi ko ya ɗara kaɗan, ki gwada a bayan hannunki. Ki tsoma, ki matse, ki rufe ido ki ɗora. Tawul yana hucewa cikin minti ɗaya ko biyu, nan mutane ke kuskure, su ɗora sau ɗaya su tashi. Ki ajiye kwanon kusa, kina sake tsomawa, har minti biyar zuwa goma. Man shanun da ya daskare ba ya narkewa don an wuce da shi ta gefen murhu. In kin gama, ido a rufe, ki sa yatsa ki shafo fatar sama daga sama zuwa ƙasa, ta ƙasa kuma daga ƙasa zuwa sama, duk wajen gashin ido, a hankali ba dannawa da ƙarfi ba. Sai ki goge bakin fatar da gefen tawul ɗin. In gani ya ɗan yi hazo bayan nan, man ne ya fito. Safe da dare a farko, in an samu sauƙi a koma sau ɗaya. Ki haɗa shi da wani abin da ba kya fashinsa, kamar bayan sallar asuba da bayan isha'i.

A wajen aiki, duk bayan minti 20 ki ɗaga kai ki dubi can ƙarshen tsakar gida na daƙiƙa 20, ki rufe ido ruf sau biyar ko shida. Ki juya fanka ta daina kallon fuskarki. In za ki hau babur ki sa tabarau mai rufe gefe. Wanke fuska da alwala ba su da matsala, amma ki bar watsa ruwa cikin ido kowane lokaci don ki ji sanyi, ɗan man da ya rage kike wankewa.

Za a ce miki ki sha ruwa da yawa. Ki sha, yana da kyau, amma ba ya buɗe ƙofar da ta toshe. Za a kuma tallata miki ƙwayoyin man kifi masu tsada. A 2018 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka, mutum 535, wasu aka ba su man kifi shekara guda, wasu man zaitun, ba a ga wani bambancin kirki ba. Kuɗin ki sayi kifin ku ci da yara.

In an yi wata uku ana wannan da gaske ba sauƙi, ba a ƙure ba. Akwai maganin ɗigawa mai suna ciclosporin da ke kwantar da kumburin saman ido ba tare da ɗaga matsi ba, sai dai yakan ɗauki watanni kafin a ji aikinsa. Akwai ƙwayar doxycycline da ke gyara man, ban da mai ciki. Akwai ɗan mitsitsin marfi da ake toshe magudanar hawaye da shi don su daɗe a kan ido. Kina kusa da asibitin koyarwa na Shika, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna in an tura ki.

Sai maganar 'yan'uwa, kuma na san duk don ƙauna suka faɗa. Kwalli ado ne da muka gada, ba ni da ja da asalinsa. Tambayata biyu ce, mene ne a cikin dutsen da ake sayarwa yau, kuma ina ake zizara shi. Mafi yawan mai ƙyalƙyalin nan dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Inda muke zizarawa kuwa, daidai kan ƙofofin man nan ne da kika gani a madubi. Ki yi wa Yaya godiya, ki adana shi, amma kada ya shiga idonki yanzu, kuma kada a sa wa jarirai. Nonon mai jego abinci ne ga jariri, abinci ne kuma ga ƙwayoyin cuta, ga cututtukan da kan biyo ta cikinsa. Haka ruwan suga, da lemon tsami, da ruwan ganye, da fitsari. Idon da samansa ya riga ya ƙuje ƙofa ce a buɗe, kuma hakiya da yawa da ake gani daga irin wannan taimakon ta samo asali. Kambun baka kuwa, ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma, ba abin da zai hana. In an ba ki tofi ki sha ko ki shafa a jiki, kada a ɗiga a ido.

Tunda na san za ki tambaya in azumi ya zo, malamai sun yi saɓani a kan ɗiga magani a ido da rana, ki tambayi malaminki. Abin da zan iya gaya miki shi ne akwai 'yar hanya daga lungun ido ta wajen hanci da ke sauka maƙogwaro, ita ke sa a ji ɗacin magani. In kin ɗiga kika rufe ido, kika danne lungun da yatsa minti ɗaya ko biyu, kin rage abin da ke wucewa.

Makanta fa? Bushewar ido irin wadda kika kwatanta tana hana jin daɗi, tana rage aiki, amma da wuya ƙwarai ta makantar. Inda ake jin tsoro shi ne mai tsanani da aka yi sakaci da ita har gyambo ya fito a baƙin ido. Akwai kuma wata bushewar daban da ke kama yara masu ƙarancin sinadarin bitamin A, musamman bayan ƙyanda, wadda kan fara da dundumi, ita kam tana makantarwa da sauri, amma ba ita ce taki ba. In kin ji zafi mai tsanani, ko kin kasa kallon haske, ko kin ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ko gani ya ragu kuma ƙiftawa ba ta washe shi ba, ranar za ki je asibiti, ba washegari ba.

Abin da ya fi damuna a zancen Mama shi ne ba ki faɗi me ya ci idonta ba. Ki tambayi manyanku ko an taɓa kai ta asibiti, da abin da aka ce. In yanar ido ce, wannan aiki ake yi a gani. In gilakoma ce, tana bin jini, kuma ku 'ya'yanta duka ya kamata a riƙa auna ku ko ba ku jin komai. Ki ja Yaya ku tafi tare, ita ma a duba ta. In kin dawo ki rubuto min sunan da ke jikin kwalbar, da lambar da aka samu a idon dama da ta hagu.